Labulen Kinuyo

Shagunan sushi, wato ɗanyen kifi a kan dunƙulen shinkafa, goma sha ɗaya ne a layin bakin ruwa, na Kinuyo Isozaki kuwa shi ne autansu: kujeru bakwai, tukunyar shinkafa ɗaya, wuƙaƙe uku, sai shuɗin labulen da take ratayawa a bakin ƙofa. Kowa ya san labule a ƙofa shago a buɗe ke nan. To amma nata labulen yana da ƙarin magana. In ka gan shi, jiragen masunta sun fita sun dawo, kifin da za a ɗora maka a kan shinkafa bai kwana a tudu ba. Ranar da teku ta hana fita kuwa, labulen yana ninke a kan kantar shago, ƙofa a rufe.

'Yar masunci ce. Tun tana ƙarama take sauke kwanduna daga jirgin mahaifinta, har ta kai in ta dubi idon kifi sai ta faɗa maka ko na yau ne. Ta auri Genzo mai sushi, shi yana yanka, ita tana dafa shinkafa tana firfita ta, kuma shi ya kafa dokar labulen. Da ya rasu ta ɗauki wuƙaƙensa. Tsofaffin layin suka ce ai tafin hannun mace ɗumi gare shi, yana ɓata ɗanyen kifi.

"Ku kawo naku hannuwan mu tsoma a ƙanƙara tare," in ji ta, "mu ga wanda zai fara kiran uwarsa."

Ba wanda ya kawo.

Sai gari ya yi suna. Baƙi suka fara tahowa daga manyan birane a motocin safa, kowa da yunwarsa da kyamararsa. Shagunan layin duk mallakar ƙungiyar 'yan kasuwa ne, shugabanta kuwa Tatsuzo ne, ƙanin marigayi Genzo, mutum mai tumbi da saurin magana. Shi ya yi wa masu safa alkawari cewa duk ranar da suka kawo mutane za su tarar da kowane shago a buɗe. Shaguna goma suka sayi manyan firji, suka danƙare su da jan kifin nan na ƙasashen waje mai zuwa a daskare. Kinuyo ba ta saya ba. Ta ce kicin ɗinta ba shi da wurin ajiye gawa.

Ranar bikin kifi na kaka aka tashi da guguwa. Igiyar ruwa tana tsallake katangar tashar jirage, jirage duk a ɗaure suna gogar juna. Da hantsi safa huɗu suka tsaya, mutane suka zubo riƙe da laimomi. Labule goma suna kaɗawa a iska. Ƙofa ɗaya ce tsirara, a tsakiyar layi, kamar giɓi a baki.

Tatsuzo ya turo ƙofar ya shigo a jiƙe, yana rungume da akwatin ƙanƙara.

"Yaya, don girman kabarin Genzo, rataya labulen nan. Ga kifi na kawo miki, kyauta."

Kinuyo tana zaune tana wasa wuƙa a kan dutse. Ta ɗaga murfin akwatin da yatsa ɗaya, ta leƙa.

"Sannu da zuwa, bawan Allah," ta ce wa kifin. "Daga wace ƙasa? Yaya hanya?"

"Yaya, ba lokacin wasa ba ne! Mutane sun cika layi, kujeru sun ƙare."

"Ai ba kujerata ba ce ta ƙare, Shugaba. Kifi ne babu."

"Su fa ba sa bambancewa! Da na jiya da na bara duk ɗaya ne a bakinsu."

"Ni ina bambancewa. Kai ma da kana bambancewa, kafin tumbi ya toshe maka hanci."

Suna cikin haka wata mata ta leƙo, riƙe da hannun wani tsoho mai sanda. Ta rusuna ta ce mahaifinta ne, a bakin teku aka haife shi, ya daɗe yana marmarin kifin da aka kamo da safe, shi ya sa ta ɗauko shi tun daga birni. Ta tambaya wane shago ne yake da na yau.

Tatsuzo ya buɗe baki, Kinuyo ta riga shi.

"'Yata, dubi tasha. Akwai jirgin da ya motsa? Duk kifin da ke layin nan yau ya fi ku doguwar tafiya. In Baba zai iya kwana, ku kwana. Iskar nan ba ta wuce gobe."

Muryar mai sauke kwanduna gare ta, ba ta iya raɗa ba. Rabin mutanen da suka fake a ƙarƙashin rumfa sun ji. Nan take aka fara tambayar masu shaguna, masu shaguna suna inda-inda. Safa biyu suka juya da mutanensu ba su ci komai ba.

Ƙungiya ta zauna a kanta. Aka ce zaɓi biyu ne: ta tashi ta sunkuyar da kai ta nemi gafarar layi, ta kuma riƙa rataya labule kullum kamar kowa, ko ta ba da makullin shago. Tatsuzo ya matso yana magana ƙasa-ƙasa.

"Sunkuyawa ce kawai, Yaya. Wuyanki ba zai karye ba. A shagon nan wana ya tsufa."

Kinuyo ta daɗe tana kallon makullin. A kan wannan kantar Genzo ya koya mata riƙe wuƙa, gefenta har ya lotsa daidai inda yake jingina gwiwar hannu. Ta miƙe, ta rusuna musu rusunawar ban kwana, ta ajiye makullin a teburi.

"Katakon naku ne," ta ce. "Labulen nawa ne."

Gidanta yana kan tudu, sama da tasha. Ta fasa bangon ɗakin gaba, ta kafa kanta mai kujeru huɗu. Safa ba ta hawa can, ciniki ya ragu sosai, har ta sayar da motar da take ɗaukar kifi ta koma keke. Amma daga ko'ina a bakin ruwa in ka ɗaga kai kana hango ƙofarta. Masunta suka fara nuna wa baƙi: "Ku dubi sama. In da shuɗi, ku ci ko'ina. In babu, ku sha shayi." Direbobin safa ma suka koya. Ranar da ƙofar Kinuyo take tsirara, layin ƙasa sai ya yini yana korar kuliyoyi.

Wata safiya da teku ta kwanta, Tatsuzo ya hawo tudun yana haki, ya zube a kujera.

"Yaya, ba faɗa na zo ba. Alfarma ɗaya. Ki mai da labulen nan ƙofar baya, inda ba a hango shi daga ƙasa."

Ta dunƙula shinkafa a tafin hannu, ta ɗora yankan sardin mai ƙyalli kamar azurfa, ta ɗan ɗiga citta, ta ajiye a gabansa. Ya jefa a baki, ya lumshe ido.

"Na yau ne," ya ce.

"Ashe hancin yana nan."

"To, maganar labulen fa?"

"Na ji ka. Dama ya koɗe, daga nesa ba ya fita sosai." Ta goge wuƙarta da tsumma. "Na ba marini sabo, ya ninka wannan girma. In ka gama ci, riƙe mini tsani in kafa masa doguwar gora."