Zoɓon Maitama Kuku

Duk wanda ya san bakin titin Dayi ya san Maitama Kuku, dogon tsohon nan mai zafin rai da ke sayar da zoɓo kusa da masu tsire. A Funtuwa ya samo sunan, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana dafa wa wani Bafaranshe mai harkar auduga abinci. Baturen ba ya cin gasasshen naman rago sai da jar giyar ƙasarsu. Maitama ke buɗe kwalba, shi ke zubawa, amma ko ɗigo bai taɓa shiga bakinsa ba, da hanci ya karance ta. Maigidan ya gaya masa inabi iri-iri ake haɗawa, wani ya ba da nauyi da bauri, wani ya sassauta, wani ya kawo ƙamshi. Baurin nan shi ke wanke maiƙon nama daga harshe, shi ya sa ba a shan ta da kifi.

Da Bature ya koma ƙasarsu, Maitama ya dawo gida ya zuba karatun nan a halal. Baƙin zoɓon Musawa don nauyi, ja mai haske na gonar matarsa Shafa'atu don tsami, kanumfari da masoro kaɗan, sukari kuwa sai ka yi da gaske za ka ji shi. Mai baurin na balangu da tsire ne, mai sauƙin na waina. Ka zo da ƙosai ka nemi mai bauri, ya hana ka, ya bi ka da faɗa. Kuma ba ya miƙa kofi sai ya ɗaga shi a rana, ya juya, ya shinshina.

Shinshinar nan ita ta ja masa. Awaisu direban bas ya taɓa ganin Turawa na yin haka a wani otal, ya zo ya fesa a majalisa, kafin ka ce kwabo gari ya ɗauka wai tsohon yaron Bature na ɗiga wani abu a tulu. Abin takaici, dattawan da suka tsufa a sahu ɗaya da shi su suka fara janye jiki, babu wanda ya tare shi ya tambaya. Samari kuwa suka yi ta tururuwa a kan babura har daga Malumfashi, suna sha suna ƙifta wa juna ido. Shi bai san dawan garin ba, har yana ce wa Shafa'atu, "Kin gani ko? Goro ya kashe harshen tsofaffin nan, yara su suka san ɗanɗano."

Ranar da zancen ya iso kunnensa, ya fusata. Ya ɗauki tulun a ka sai ƙofar mai unguwa, ya yi alwala, ya ce a kawo Alƙur'ani.

"Malam Maitama, abin bai kai nan ba," in ji mai unguwa.

"Ya kai, ranka ya daɗe. Sunana aka taɓa."

Ya rantse a bainar jama'a cewa ko ɗigon giya babu a zoɓonsa, Awaisu ya ba da haƙuri yana sosa ƙeya.

Washegari ya yi haɗi mafi kyau, ya zauna jira. Dattawa kunya ta hana su zuwa, samari ko ƙeyarsu. Sai can da la'asar Maharazu, yaron da kullum ya fi kowa sha, ya zo wucewa. Maitama ya ɗaga kofi, ya juya, ya shinshina, ya miƙa.

"Zo ga naka, ɗana. Balangun yau akwai maiƙo."

Maharazu bai ko kashe babur ba. "Baba, ai mun ji ka rantse."

"Na rantse, sai me?"

"To in babu komai a ciki, wa zai sha abu mai bauri haka? Zoɓon leda ya fi shi zaƙi."

Ya ja babur ya tafi. Maitama ya daɗe tsaye da kofi a hannu. Daga nan ya sayi balangu, ya zauna kan benci, ya ci yanka ɗaya, ya kurɓa. Haɗin ya yi daidai kamar kullum, kuma duk faɗin Dayi shi kaɗai ya sani.