Na'urar da na saya wa Baba

Shekarun baya, sa'ad da na fara aiki, aka gano mahaifina yana da ciwon sukari. Maƙerin azurfa ne a tsohon garin Agadas. Tun ina ƙarami yake wuni a wani ɗan ɗaki marar taga, gaban wutar gawayi, yana zuga yana shaƙar hayaƙi.

Ni ne na yi lakol, wato boko, a gidanmu, don haka na ɗauki kaina rabin likita. Na samo masa na'urar awon sukari wajen wani ɗan kasuwa, haɗe da gwangwani uku na 'yan tsinkayen da ake ɗiga wa jini. Na jera su kan kanta a maƙerar, don kada ya manta. Duk Juma'a kafin ya karya kumallo sai in zo in soke masa yatsa, in karanta lamba da ƙarfi don kowa ya ji.

"Lafiya lau, Baba. Sukari ya kwanta."

"To, madalla," yake cewa, ya tsotse yatsan ya koma kan zugarsa.

Har ya daina zuwa awon likita, ni ma ban matsa ba. Me zai je yi cikin layi, ga ni?

Sai tari ya fara. Maƙeri da tari ba baƙon abu ba ne, muka ce hayaƙi ne. Ya soma ramewa, na ce ai barin shayi mai sukari ne ya karɓe shi. Wallahi har barka na yi masa.

Wata ranar Talata da hantsi maƙwabcinsa na sana'a ya kira ni a waya. "Ka zo yanzu, tsohonka ya tofar da jini."

A likita aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka auna majinarsa. Tarin fuka ne, ya riga ya ci huhun sosai. Da suka auna sukarin da tasu na'urar, wata ma'aikaciyar jinya ta sake aunawa, sannan ta dube ni.

"Wa ke duba shi a gida?"

"Ni ne," na ce, na miƙa mata kayana.

Ta juya gwangwanin ta nuna mini kwanan wata. Ya wuce tun kafin in saya. Ta tambayi inda nake ajiyewa, na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce zafi yana lalata tsinkayen, su riƙa ba da lambar ƙarya, kuma wanda sukarinsa ya hau, jikinsa ba ya iya kare kansa daga irin wannan tari, balle huhun da ya sha hayaƙi shekara da shekaru.

Wata biyu ya yi yana shan magani. Aka auna mu duka, aka ware masa ɗaki da kwanonsa. Abin da ya fi damunsa shi ne hana jikokinsa shiga. Yakan sa a buɗe ƙofa ya kalle su daga nesa suna wasa a tsakar gida. Ko sau ɗaya bai ɗora mini laifi ba. Ya rasu da la'asar, mahaifiyata na riƙe da kofin ruwansa.

Bayan sadakar arba'in ina taya ta naɗe kayansa, sai ta ɗaga wani wandonsa ta nuna mini. Ta rage ƙugun da allura har sau uku.

"Na daɗe da sanin ba lafiya ba," ta ce.

"Inna, me ya hana ki faɗa?"

"Kai ne mai karatu. Ka ce lafiya lau."

Na san kwana ne ya ƙare, kuma na roƙi Allah gafara. Amma har yau, in na tuna, ba rasuwar ce ta fi ci mini rai ba. Matar da ta yi shekara arba'in tana kallon jikinsa ta ga gaskiya da idonta, ta yi shiru don tana jin nauyin ilimina. Ni kuwa ban taɓa juyowa na tambaye ta yadda take ganinsa ba.