Tambayar Iris da Saƙon Kawu Bello

Ina 'yar ƙarama shekarar da shanun rugar Ardo sunka shiga gonar waken maƙwabcinmu, a ƙauyenmu na bayan Goronyo, har anka fasa ma wani ɗan kiwo kai. Bayan isha'i munka kewaye wutar kara a tsakar gida, kakarmu Inna tana ɓarar gujiya, amma ba mai dariya. Kawu Bello na gefe ya haɗa kai da gwiwa. Shi Maigari ya zaɓa, don yana jin Fillanci, ya kai saƙo ruga da asuba: ko su tashi kafin Juma'a, ko a sa ma bukkokinsu wuta.

Inna tana da wasu labaran Girkawa da kakanmu ya kwaso wurin wani Bagirke mai sayen fatu. Takan ce allolin barkatai na jahilcinsu ne, hikimar muke tsinta. Daren nan ko buɗe tatsuniya ba ta yi ba.

"Akwai wata Iris," in ji ta, "'yar aiken Ziyus sarkin allolinsu, bisa bakan gizo taka sauka. Ran nan ɗan'uwanai Fosaidon, mai mulkin teku, yas sa hannu cikin yaƙin da anka hana shi. Ziyus yac ce ta tahi ta ce mai shi janye, in ya ƙiya a murƙushe shi. Tat tahi tah hwaɗi. Mai teku yat tashi awa guguwa, yac ce ciki guda sunka hito, ba shi jin tsoron kowa."

Kare ya yi haushi wajen fadama, duk munka waiwaya.

"Inna, to mi tay yi?" na tambaya.

"Ba ta juya ba. Tac ce, 'Wagga magana mai zahi za ni kai ma yayanka, ko kana da wata?' Hushin mai teku yas sauka, yak koma ruwanai."

Kawu ya ɗago kai. "In Maigari yac ce na raina shi hwa?"

"Tambaya ta, Bello, ba raini ba."

Ya ɗauki tocila ya nufi gidan Maigari. Ba wanda ya shiga ɗaki. Wuta ta koma garwashi kafin mu ji takunsa a zaure.

"Maigari ya ce in ce ma Ardo shi zo mu zamna bayan Juma'a," in ji Kawu.

Anka zauna, anka duba gona, anka duba raunin yaro. Ruga ba ta ƙone ba.

Na daɗe ina ɗauka labarin haƙuri ne. Sai yanzu, da ƙauyukanmu har Rabah ke kwana ido biyu don tsoron hari, na gane darajar ɗan aike. Yau saƙon murya ake turawa ta waya, ya isa da zafinsa kafin mai shi ya huce. Duk sanda aka turo min irinsa wai in yaɗa, nakan kira mai shi in ce, "Hakanan za ni kai shi?" Da yawa sukan ce in dakata.