Malama Leimara da Buhun Shinkafa

Leimara ta shekara ashirin da shida tana koyar da 'yan aji ɗaya a makarantar mishan ta ƙauyensu, a tsibirin Tongoa. Duk wanda bai kai talatin da biyar ba a ƙauyen, ta hannunta ya biyo. An fi saninta da koyar da ladabi fiye da karatu. Kafin a raba abincin rana sai yara sun jeru, ƙarami a gaba, babba a baya, kowa da wankakken hannu. Wanda ya yi wawaso ba ta dukansa, sai dai ta dube shi ta ce, "Kai ne ka zo makaranta yau, ko aladen gidanku?" Mijinta Kaltak, masunci ne mai barkwanci, yakan ce shi ma ba ya kai hannu akushi sai ya fara duban fuskarta.

Tana da shekara hamsin da ɗaya guguwar teku ta faɗa wa tsibirin. Rufin gidaje ya tafi, ayaba ta kwanta, doya da gwaza suka ruɓe a ƙasa. Mako na farko aka yi ta cin kwakwar da ta zube. A mako na biyu ita ma ta ƙare. 'Yarta Leipakoa tana goyon ɗan wata huɗu, nononta ya fara ƙafewa, jaririn ko kukan kirki ya daina.

Rana ta goma sha biyu da hantsi wani ƙaramin jirgin ruwa ya iso da shinkafa. Mai gari ya ce, "Malama, ke suke jin tsoro, jera mana su." Ta jera mutum wajen ɗari biyu a kan yashi, tsofaffi a gaba, ita kuma ta koma can kusa da ƙarshe. Awa guda ana rabo lafiya. Sai wani daga cikin jirgin ya ɗaga murya ya ce saura buhu goma, ragowar na ƙauyen gaba ne. Nan take layi ya watse.

Leimara ta riga samari isa bakin ruwa. Ta kutsa har gwiwa, ta cafki kunnen wani buhu, sai ta ji an riƙe ɗaya kunnen. Leitau ce, maƙwabciyarta da mijinta ya rasu, wadda suke waƙa tare a coci, kuma babu kamarta a saƙar tabarma duk ƙauyen.

"Malama, ni ce fa!" in ji Leitau. "Tsaya mu raba!"

Leimara ta sunkuya ta kafa mata haƙori a gindin babban yatsa, ba ta saki ba sai da ta ji jini a bakinta. Ta saɓa buhun ta haye tudu da shi ita kaɗai, nauyin da a da sai ta kira Kaltak.

Ta dafa, suka ci. Ta lura shinkafar ta yi mata daɗi, har ta ƙara. Kaltak ya ce, "Ashe shekara talatin da karya mai cizo nake zaune ban sani ba?" Ba wanda ya yi dariya, bai sake faɗa ba.

Hannun Leitau ya kumbura, ya yi ruwa. Da ya warke, yatsan ya sandare. Bayan wata huɗu, da gonaki suka farfaɗo, Leimara ta ɗauki sabuwar tabarma da farar kaza da saiwar kava, wadda ake jiƙawa a sha wajen sulhu, ta kai dandalin mai gari, ta durƙusa gaban jama'a ta nemi gafara. Leitau ta karɓa.

"Na yafe, Yaya," ta ce. "Gaskiya ma, da bakina ne ya fi kusa, da ni na cije ki."

"Ba haka ba ne," in ji Leimara. "Ke cewa kika yi mu raba."

Ran Lahadi Fasto ya yi wa'azi cewa Shaiɗan ne ya shiga tsakanin 'yan'uwa a bakin teku. Da aka tashi ta same shi a ƙofa ta ce, "Fasto, ban ga kowa a wurin ba sai ni. Na san hannun wa na kama, kuma a lokacin ban ga laifin abin ba."

Wasu iyaye sun so a cire ta daga makaranta, shugaban makarantar ya ƙi. Ta ƙara shekara huɗu tana jera yara kamar da. Wani sabon malami da aka turo daga birnin Vila ya ji labarin, ya ce mata, "Mama, to mene ne amfanin wannan layin, tunda yunwa na zuwa kowa zai koma dabba?"

Ta ce, "Layin nan ya yi awa guda kafin ya watse. A awa ɗayan nan tsofaffi arba'in suka sami rabonsu. Ka san wata dabara da za ta kai awa biyu?"

Ya ce bai sani ba. Ta ce ita ma haka.

Da ta yi ritaya, duk Alhamis takan je gidan Leitau ta tsaga mata ganyen saƙa, aikin da yatsan ba ya iyawa. Yawancin hirarsu gardama ce kan wanda ke ɓata waƙa a coci. Leitau ta rasu shekara bakwai bayan guguwar, da ciwon suga. Yanzu Leimara tana Vila wurin 'yarta. Tana ƙorafin ƙarar motoci, tana kuma cewa da zarar gwiwarta ta yi sauƙi za ta koma gida.