Ranar da Kaka Ta Ɓoye Dutsen Washi

A gidanmu na Illela, da an sauke tuwo bayan magariba, mu jikoki sai mu kewaye murhun Kaka Tumba kafin garwashi ya mutu. Takan zauna a 'yar kujerarta tana ɓarar gujiya, ta ba mu tatsuniya biyu ko uku kafin a kira isha'i. Amma akwai labari guda da ba ta buɗe shi yadda ake buɗe tatsuniya. Takan ce wannan ba na dabbobin daji ba ne, nata ne ita da kakanmu, wanda ya rasu tun ba a haife mu ba.

Kakanmu wanzami ne, kuma har daga Tozai da Amarawa ana aiko masa ranar suna. Duwatsun washi biyu gare shi. Akwai ja mai kaushi, wanda yake fara wasa aska a kai. Akwai kuma wani baƙi, siriri, mai santsi, da ya samu wurin wani Buzu mai fataucin gishiri. Kaka ta ce jan dutsen yana ba aska kaifi, amma kaifi ne mai haƙora, yana jan gashi, yana iya tsaga fata. Baƙin dutsen shi ke share haƙoran. Sai ya ɗiga ruwa, ya goga wani ɗan ɓallin dutsen a kai har ruwan ya yi launin toka, sannan ya kwantar da aska ya riƙa ja a hankali kamar mai shafa kan jariri. In ya gama ya goga ta a fata, ya gwada a gashin hannunsa.

A shekarun da Turawa suka fara zuwa, wani Bature ya sauka a bayan gari da sojoji da tafinta, suna kafa alamun iyaka tsakaninmu da mutanen Ƙonni. Ba wanda ya san abin da suke nufi da mu. Labarin garuruwan da aka ƙone a kudu yana bakin kowa, mutane kuma sun daina sakin baki a kasuwa, don ba a san wa ke kai magana sansani ba. Ana nan sai kunama ta harbi Baturen a hannun dama, hannu ya kumbura, ya kasa yi wa kansa gyaran fuska. Mai gari ya aiko cewa kakanmu ya je da safe ya yi masa.

Da la'asar ɗin ranar wani baƙo ya yi sallama. Rawani ya rufe masa rabin fuska, kuma bai faɗi garinsu ba. Suka daɗe a zaure shi da kakanmu suna magana ƙasa-ƙasa. Kaka ta kawo ruwa, ta tsaya bayan zana, ta ji baƙon yana cewa wuyan kafiri zai kasance a hannunsa gobe, Allah bai taɓa ba wani irin wannan dama ba. Amsar kakanmu ba ta ji ta ba.

Baƙo na fita, kakanmu ya ɗauko zabira ya zauna wasa aska. Ya daɗe a jan dutse fiye da yadda ta taɓa gani, tuwon ma bai ci ba. Ta ce nan zuciyarta ta ba ta cewa ya yarda. Ta tuna tana da goyo, ta tuna abin da sojoji za su yi wa garin. Da ya fita masallaci sai ta ɗauke baƙin dutsen ta tura shi cikin rumbun gero. A ganinta, mutumin da bai taɓa taɓa kan kowa da askar da ba ta hau wannan dutse ba, ba zai je ba in babu shi.

Da gari ya waye ya zazzage zabira, ya duba ƙarƙashin tabarma, ya duba ko'ina. Sannan ya tsaya ya kalle ta. A nan Kaka takan ajiye gujiyar, ta sauke murya.

"Ya ce mani, Tumba, ina dutsena? Ni ko na ce, Malam, mi kunka ƙulla kai da baƙon jiya?"

Ya ajiye zabirar ya zauna. Ya gaya mata ya sallami mutumin, ya ce masa shi aski ya gada, bai gaji yanka ba. Ya ce zuwa dole ne, don in ya ƙi, ƙin ma abin zargi ne. Kuma soja zai tsaya a bayansa da bindiga.

"In askag ga ta ɗan tsaga shi, jini ya hito ko ɗigo guda, ba mai tsayawa ya tambaye ni ko kuskure na. Shi ya sa nike son ta hi kullum laushi."

Ta shiga rumbu ta ɗauko masa. Ya zauna ya ƙarasa washin a gabanta, ya rataya zabira ya tafi. Ta ce tun fitarsa take tsaye a bakin zaure da goyo a baya da ƙullin kaya a hannu, kunnenta na wajen sansani, tana jiran ƙarar bindiga. Hantsi ya yi sosai kafin ta hango shi yana tahowa, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya ce da ya ɗora aska a maƙogwaron Baturen, yana jin bakin bindiga a tsakiyar bayansa, amma ya gama ba ko ƙwarzane.

Maganar ba ta ƙare nan ba. Wasu suka ce ya zama yaron Nasara, suka daina kawo masa kawunansu. Wasu suka ce tsoro ne ya hana shi. Bayan mako biyu kuma Kaka ta hangi baƙon nan a kasuwar Araba, ba rawani, yana bin tafinta a baya ɗauke masa da jaka, ta gane shi da muryarsa. Ko tun farko aiko shi aka yi a gwada kakanmu, ko daga baya ne ya koma wurinsu, har ta mutu ba ta sani ba.

Muna yara, abin da muka ɗauka shi ne Kaka ta yi wauta, ta zargi mutumin kirki. Sai da na yi aure, na zauna da mijin da ke kwana uku a ƙetaren iyaka ba ni da labarinsa sai wanda ya ba ni, na gane zargi ba ya neman izini kafin ya shiga zuciya, kuma yakan zo ne wa mutum a kan wanda ya fi so. Maƙwabta sun zargi kakanmu shekaru, ba wanda ya tare shi ya tambaye shi. Ita ta tambaya.

Da ta tsufa sosai na taɓa ce mata, ashe dai ta yarda da shi a ƙarshe, tun da ta ba shi dutsen. Ta girgiza kai.

"Ban yarda ba, 'yar nan. Na dai duba na gani, in ƙarya shika yi, da dutse da ba dutse askar za ta yanka. In ko gaskiya shika hwaɗi, na riƙe dutsen, to ni na kashe shi."