Kwalaben Baba Mamman Mai Rijiya

Ranar Talata da hantsi, ina kasuwar Asiyeye ina cinikin doya, limamin unguwarmu ta Zango ya kira ni a waya. Bai ja gaisuwa ba. Ya ce Baba Mamman mai rijiya ya cika bayan sallar asuba, za a yi jana'iza bayan azahar. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na ajiye doyar, na tare zemijan, wato ɗan acaɓa. Tunda na ɗauki alƙalami don in faɗi gaskiya a kan mamaci, dole in fara da faɗin gaskiya a kaina. Kafin mai babur ya kai ni gida, wani abu a can ƙasan zuciyata ya raɗa min cewa yanzu Asabar ta zama tawa ni kaɗai. Na yi ta istigfari har ƙofar gida. Shekara bakwai ina hassadar wannan bawan Allah, kuma ko labarin mutuwarsa bai kashe ta nan take ba.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne Malam Habu, haifaffen Lome, kakana daga Katsina ya zo. Na koyar da kimiyyar ƙasa a wata makaranta a Totsi har na yi ritaya. Ni na kafa 'yar ƙungiyarmu ta masu sha'awar sanin ƙasa da duwatsu. Asabar ɗin farko ta kowane wata muna shimfiɗa tabarmi da benci a farfajiyar wata Islamiyya, daga la'asar zuwa magariba, mu yi wa jama'a bayani kyauta: me ya sa ruwa ke kwanciya a wasu layukan Zango duk damina, me ya sa rijiyar wani ke da zartsi ta maƙwabcinsa kuma garɗi, me ya sa teku ke cin gaɓa. Ina zuwa da taswira da hotuna da Faransanci mai kyau. Masu sauraro ba su taɓa cika benci uku ba, rabinsu ma tsofaffin ɗalibaina ne da ke jin nauyina.

Baba Mamman kuwa mutumin wajen Tawa ne ta ƙasar Nijar, ya sauko Lome tun yana saurayi, ya yi sana'ar haƙa rijiya har gwiwoyinsa suka ƙi. Bai taɓa zama a ajin boko ba. Wata Asabar ina tsaka da bayanin cewa a can zamanin da, teku ta taɓa rufe inda muke zaune, na ga mutane suna kallon juna suna murmushi, alamar Malam ya fara tatsuniya. Sai dattijon nan daga bencin baya ya nemi izini, ya ciro ƙaramar kwalba daga aljihun rigarsa, ya zazzage ta a tafin hannu. Farar ƙasa ce gauraye da ɓarɓashin ɓawon katantanwa irin na bakin teku. Ya ce daga gindin wata rijiya ya ɗebo ta da hannunsa, a nan arewa da mu, inda ko iskar teku ba ta kaiwa. Ya ce, "Malam bai yi ƙarya ba. Ni na sauka na gani." Mutane suka taso suna ture juna don su taɓa. Taimakona ya yi, amma wallahi tun daga ranar ya tsone min ido.

Ashe al'adarsa ce, duk rijiyar da ya haƙa, da zarar launin ƙasa ya sauya sai ya ɗebi kaɗan ya zuba a kwalba ya kai gida. Kwalaben magani, na zuma, na turare, duk wadda ya samu. Babu rubutu a jikin ko ɗaya. Yakan ɗaga kwalba ya ce wannan daga gidan wane ce a unguwar Nyekonakpoe, gaba huɗu, a ƙarƙashinta aka samu ruwa amma da gishiri. Yakan jiƙa ƙasar da yawu ya murza, wani lokaci ya ɗora a harshe. Idan matasa suka yi ƙyama sai ya yi dariya ya ce, "Ruwan da kuke sha ta cikinta ya biyo." Abin da nake kira argile da Faransanci in cika allo da zane, shi sai ya ce yumɓu, ya mulmula shi ya miƙa wa na kusa, magana ta ƙare. Cikin 'yan watanni farfajiya ta cika maƙil: magina, masu shirin sayen fili, mata a bayan labule, har 'yan ƙabilar Mina maƙwabtanmu da ke jin Hausa sama-sama.

Ni ke tsara jerin masu magana, don haka na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na mai da shi na ƙarshe, ni kuma na riƙa jan bayanina da gangan, yadda ba zai fi minti goma da farawa ba ladan zai kira magariba. Na ɗauka daga masallaci kowa zai kama gabansa. Sai ga mutane sun idar da salla sun dawo, sun zauna a kan tabarmi suna jiransa. Waɗanda ma suka gane tsarin sai suka daina zuwa da la'asar, suka riƙa zuwa daidai lokacinsa. Ya san abin da na yi, dattijo ne ba yaro ba. Bai taɓa nuna min a fuska ba. Kullum da sunana yake buɗe magana, ya ce Malam Habu ya riga ya faɗi na littafi, shi na rami zai ƙara. Wannan girmamawar ma haushi take ba ni, don na fi son ya yi fushi in samu abin kama shi da shi.

Abu ɗaya ya taɓa roƙona. Shekara biyu da suka wuce, bayan ya tashi daga wata jinya, ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, ka zo gida wata Alhamis da alƙalaminka. Ina faɗa kana rubutawa, mu liƙa wa kowace kwalba sunanta. Kaina ne kawai takardarsu, kan kuma ya fara yoyo." Na ce in sha Allah. Ya sake tuna min bayan Ramadan, ya sake bayan Layya. Kullum ina da uzuri: ciwon baya, baƙi, damina. Gaskiyar ita ce na san ranar da aka rubuta waɗannan kwalabe, su ne za su zama dukiyar ƙungiya, sunansa ne zai zauna, taswirorina kuma su koma ado. Tsakanin gidana da nasa bai kai tafiyar rabin awa a babur ba.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, matarsa Inna Rabi ta aiko a kira ni. Daga bayan ƙofa ta yi min magana, ta sa aka buɗe min wani ɗan ɗaki a gefen zaure. Kwalabe ne jere a kan katakai tun daga ƙasa har kusa da rufi, ja da fari da baƙi da ruwan toka, an goge su tas. A kan kujera akwai sabon littafin rubutu da biro biyu da ƙullin 'yan takardun liƙawa. Ta ce tun bara ya saye su, kuma duk Alhamis sai ya sa ta dafa shayi ta ƙara kofi ɗaya. Ta ce, "Ya ce in ya riga ka, a ba ka su. Ya ce kai kaɗai ne ka san darajarsu."

Na kwashe su zuwa gidana a mota. Kwana huɗu ke nan ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Zan iya gaya maka wannan yumɓu ne, wannan rairayi, wannan marmara. Amma daga wace unguwa, a gaba nawa, ruwan da ke ƙarƙashinta mai daɗi ne ko mai zartsi, wannan ya tafi tare da shi. Rijiyar gidana ma shi ya haƙa ta, na tabbata ƙasar gidana tana cikin kwalaben nan, kuma na kasa nuna ta. Asabar mai zuwa filin nawa ne daga la'asar har magariba, babu mai katse ni, babu wanda za a jira bayan salla. Abin da na yi shekara bakwai ina so ke nan.

Ina roƙon duk wanda Baba Mamman ya haƙa wa rijiya ya zo ranar, ya faɗa min unguwa da zurfi da ɗanɗanon ruwa. Ba zan iya haɗa su da kwalabe ba, amma zan rubuta su a littafin da ya saya, wanda na riga na sa sunansa a shafin farko.

Ya Allah, bawanka Mamman ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin rami mai ƙunci da duhu don bayinka su sha ruwa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka shayar da shi daga Alkausara. Ka sanya kowane guga da aka ja daga rijiyoyinsa a mizaninsa. Ka bai wa Inna Rabi da 'ya'yansa haƙuri, ka zama gatansu. Ni kuma ka yafe min Alhamis ɗin da na hana shi, domin na makara wajen neman yafewarsa. Amin.