Ruwan Sama a Kan Gyaɗar Fulatan

Ana idar da sallar asuba muka ɗauki hanya daga Kano, ni da abokin aikina da direba, ɗauke da sakamakon jarrabawar Turanci da ofishinmu ya yi wa 'yan makaranta. Aikinmu ba na ci ko faɗuwa ba ne kawai. Kwamfuta ce ke lissafa amsoshin yaro, ta ce ya iya kalmomi, ya iya nahawu, amma bai iya gano abin da labari bai faɗa a fili ba. Da wannan aiki nake tunƙaho a ko'ina.

A Karaye muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba, mai suyar kuma ko a jikinta. Muka ba wata makaranta a Kafin Dafga nata sakamakon lami lafiya, muka nausa Rogo. Hanya ta wujijjiga mu son ranta. Dama da hagu gyaɗa ce aka cire aka shanya, manoma na ta ɗaga kai suna duban sama.

A wata makaranta a yankin Fulatan, cikin ƙasar Rogo, aikin ya yi nauyi. Kwamfuta ta ce duk ajin ba wanda ya iya gano manufar labari, don haka a jakata akwai takardar sauke malaminsu na Turanci daga aiki. Dattijo ne mai furfura. Muka gaisa, ya tambayi hanya da iyali, ya karanta sakamakon a tsanake.

"Ranka ya daɗe, a taimaka a nuna mini tambayoyin," in ji shi.

Duk tambayoyin da ke auna wannan fanni daga labari guda aka ciro su: manomi ya cire gyaɗa ya shanya, sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yaya ya ji? Me zai ce wa iyalinsa? Amsar da muka ba kwamfuta ita ce ya yi murna, tunda manomi da ruwa abokai ne.

Malam ya kira wata ɗaliba, ta karanta labarin da Turanci tiryan-tiryan, sannan ta dube ni.

"Yallaɓai, ai kuka zai yi. Gyaɗa a shanye ruwa ya doke ta, tsiro za ta yi ko ta yi fumfuna."

Raina ya ɓaci ƙwarai! Yaran nan sun fahimci labarin fiye da wanda ya rubuta shi. Wani ya zauna a ƙarƙashin fanka, bai taɓa cire gyaɗa ba, ya yanke wa manomi yadda zai ji, kwamfuta ta haɗiye, ta yi lissafinta tsaf a kan shirme. Kuma a kan haka za a raba dattijo da abincinsa? Na fara faɗa ina tambayar wane ne ya amince da wannan tambaya. Abokin aikina ya juya takardar tambayoyin ya nuna mini ƙasanta. Sa hannuna ne.

Da magariba muka iso Kano. Tafiyar ta koya mini cewa lissafi ba ya gyara amsar da aka ba shi a karkace, yaɗa ta kawai yake yi. Takardar sauke Malam tana nan a jakata, ban ba shi ba. Gobe da ita zan shiga ofis, in an dage sai an sauke wani, sunana ne a ƙasan tambayar.